Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙungiyar Masana Kwamfuta ta Najeriya: A Buɗe wa Harsunanmu Rukuni

Zuwa ga Shugaba da 'yan Majalisar Zartarwa na Ƙungiyar Masana Kwamfuta ta Najeriya, wato NCS, da shugabannin rassanta na jihohi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku fatan alheri, ku da iyalanku da dukkan mambobin wannan ƙungiya.

Ni malami ne, ina koyar da kwamfuta a wata babbar makaranta a Arewa. Na rubuto ne da yawun wasu mutane da muke haɗuwa a aji da kasuwa da zaurukan WhatsApp: malamai 'yan'uwana, ɗaliban da suka zaɓi yin aikin kammala karatunsu a kan Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, matasa masu rubuta manhaja, masu fassara, da masu gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre a Kano. Abin da ya haɗa mu shi ne kullum aikinmu yana cin karo da harshe, kuma mun rasa inda za mu kai wannan magana a cikin ƙungiyar sana'armu. Na rubuta da Hausa ne domin waɗanda nake magana da yawunsu su karanta su ga ko na faɗi daidai. Na san a cikinku akwai masu jin ta, sauran kuma ba za a rasa mai fassara musu ba.

Buƙatarmu ita ce NCS ta buɗe ƙofar kafa rukunan fanni, wato ƙananan ƙungiyoyi a cikinta da ke taruwa a kan matsala guda, kuma a fara da rukunin harsunan Najeriya a kwamfuta.

Kafin koke, a ba kowa haƙƙinsa. Wannan ƙungiya ba jiya aka haife ta ba. Tun 1978 take, lokacin ana kiran ta COAN, kafin a haɗa ta da sauran ƙungiyoyin masu ruwa da tsaki ta zama NCS a 2002. Da faɗi-tashin magabatanku aka samu dokar 1993 da ta kafa CPN, hukumar da ke rajistar masu wannan sana'a. Babban taronku na shekara ya zo Gombe a 2019, ya zo Bauchi a 2023. Saboda haka ba cewa muke yi an manta da Arewa ba. Kukanmu a kan yadda aka tsara rukunan da ke cikin ƙungiyar ne.

Ku dube su ɗaya bayan ɗaya. ITAN ta kamfanoni ce da 'yan kasuwar fasaha. ISPON ta masu sana'ar manhaja ce. AITP ta malaman jami'o'i da manyan makarantu, NIWIIT ta mata, NACOS ta ɗalibai. Kowace tana da amfaninta, kuma ba mu nemi a taɓa ko ɗaya ba. Amma in aka cire ITSSP da ta tsaya a kan tsaron na'urori da bayanai, kusan duka an raba su ne bisa ko kai wane ne: ɗan kasuwa, malami, ɗalibi ko mace. Malamar jami'a da ke ƙoƙarin koya wa kwamfuta ta gane maganar Hausa, da ɗalibin da ke yawo da waya yana naɗo mata muryoyi, da mai kamfanin da zai saka abin a manhajar banki, mutum uku ne masu aiki ɗaya. Tsarin ya tura kowannensu taro dabam, kuma babu ɗaya cikin tarukan nan uku da aka kafa domin abin da ya dame su.

A ƙungiyoyin da suka riga mu ba haka abin yake ba. ACM ta Amurka, wadda aka kafa a 1947, tana da rukunan fanni sama da 30, su ne ake ce wa SIG. SIGGRAPH na masu zane da kwamfuta ya yi taronsa na farko a 1974 a garin Boulder na jihar Kolorado, yau dubban mutane ke halarta, kuma dabaru da yawa da ake gani a fina-finai da wasannin kwamfuta a can aka fara gabatar da su. SIGCSE na masu koyar da kwamfuta ne, SIGCHI na masu nazarin mu'amalar mutum da na'ura, SIGACCESS na masu aiki domin makafi da kurame da sauran masu buƙata ta musamman. Abin da ya fi sunayen muhimmanci shi ne yadda suke aiki. Kowane rukuni yana zaɓen shugabanninsa, yana riƙe asusunsa, yana shirya taronsa. Mutum yana iya biyan ɗan kuɗi ya shiga rukuni ko da bai zama mamban uwar ƙungiyar ba. Ita kuma uwar ƙungiyar tana bibiyar su lokaci-lokaci, wanda ya daina motsi ta rufe shi. BCS ta Birtaniya, da aka kafa a 1957, ita ma tana da nata gomman rukunan.

Mu kam wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Gari yana da sarki ɗaya, amma akwai Sarkin Pawa, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Aska. In magana ta taso a kan nama ba a tara duk gari, Sarkin Pawa ake kira, domin shi ya san dabbar da ba ta cancanci yanka ba, kuma shi fada za ta tuhuma in an sayar da mushe. Yau in hukuma ta tambayi NCS wa ya san yadda ake sarrafa rubutun Hausa ko na Yarbanci a na'ura, wa za a kira?

Ga abin da rashin wannan rukuni yake jawowa, kuma zan daɗe a kan na farko domin shi muka fi gani.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin rubutun boko tun shekarun 1930, kafin ma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Suna cikin Unicode, wato tsarin duniya da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, tun farkon shekarun 1990. Ke nan babu wata na'urar zamani da za a ce ba ta iya riƙe su. Duk da haka, wani ɗalibina da sunan mahaifinsa ya fara da Ɗ ya cike fom a shafin wani ofishi, ya rubuta sunan yadda yake, takarda ta fito da alamar tambaya a gurbin harafin. Da ya je a gyara, aka ce sunan bai yi daidai da na sauran takardunsa ba, sai ya kawo takardar rantsuwa daga kotu. Ya yi ta zirga-zirga, ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin rantsuwa, a kan laifin da ba nasa ba. Duk wanda ya taɓa gina rumbun bayanai ya san abin da ya faru: an bar rumbun a kan tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma maimakon UTF-8, tsarin da ke iya ɗaukar duk haruffan Unicode. Gyaran bai wuce layi ɗaya ko biyu ba, in an yi shi tun farko. Amma wanda ya rubuta manhajar bai taɓa zama a wurin da wani ya ce masa ya gwada ta da sunan Ƙasimu ko Ɗanladi ba. Darasin da yaron ya ɗauka, wanda kuma ya koya wa ƙannensa, shi ne kada su ƙara rubuta sunansu daidai a kwamfuta.

Haka abin yake a saƙon tes. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 in duk haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya sani. Da zarar ka saka ƙ guda ɗaya, saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar haruffa 70 kacal, kuma in ya yi tsawo ana yanka shi 67-67. Saƙo mai haruffa 150 da zai tafi a kuɗin saƙo ɗaya sai ya zama uku. Mai aika wa dubban iyaye sanarwar rigakafi, ko manoma sanarwar taki, ba zai ninka kuɗinsa sau uku saboda ƙugiya ba, sai ya cire ta. To, a cikin wannan ƙa'ida ta GSM akwai jadawali na musamman da aka yi wa Turkanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal da harsunan Indiya irin su Hindi da Tamil da Urdu, domin rage musu wannan asarar. Babu na harshen Najeriya ko ɗaya. Waɗancan ba daga sama suka faɗo ba, wasu ne suka zauna suka rubuta buƙata suka bi ta har aka amince.

Saboda irin waɗannan dalilai, rubutun Hausa a intanet ya zama kowa da kiɗansa. Wani ya rubuta k', wani 'k, wani q, mafi yawa su bar k tsirara. Mai neman labarin ƙasa a rumbun jarida sai ya rasa rabin abin da aka rubuta, ko kuma a haɗo masa da duk inda wani ya kasa yin wani abu. Na'urorin da ake koya wa harshe a yanzu daga wannan rubutun suke koyo, da ruɗaninsa da komai.

Abu na biyu ya shafi aljihun talaka kai tsaye. Lambar da ake dannawa a ATM, da kalmar shiga manhajar banki, da lambar nan ta lokaci ɗaya da ake turowa ta tes, da BVN, duk a bakin yawancin mutanenmu sunansu ɗaya, lambar sirri. Ana ta shela a rediyo cewa kada a ba kowa lambar sirri. Wata maƙwabciyarmu, dattijuwa mai sana'ar ƙosai, ta riƙe wannan gargaɗin da kyau. Ɗan damfara ya kira ta da Hausa tsantsa, ya ce mata, "Hajiya, ai ko ni kada ki ba ni lambar sirrinki, haramun ne. Wannan da muka turo miki yanzu kawai za ki karanto min in buɗe miki asusun." Ta karanto. Ta bi duk abin da aka koya mata, abin da aka koya matan ne bai bambance lambobin ba. Ɗan damfarar ya fi mu zama ya yi tunani a kan Hausar da zai yi amfani da ita. Da akwai wurin da masana tsaro na ITSSP za su zauna da masana harshe da 'yan POS su fitar da suna dabam ga kowace lamba, su miƙa wa bankuna da gidajen rediyo, da an rage irin wannan.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ci min rai a matsayina na malami. Kada a ɗauka ba a aikin. Ana yi, kuma 'ya'yanmu ne ke yi. Masakhane, gamayyar masu binciken harsunan Afirka a kwamfuta, cike take da 'yan Najeriya. Matasan HausaNLP, masu binciken Hausa a kwamfuta, sun yi fice. A 2022 aka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka da aka tantance domin koya wa na'ura gane yabo da suka, a 2023 kuma AfriSenti ta faɗaɗa aikin zuwa harsunan Afirka 14. Amma ku duba inda ake gabatar da irin wannan aiki: Faransa, Kanada, Singafo. Ƙungiyar ACL ta masana harshe da kwamfuta tana da rukuni na Sinanci, da na Larabci, da na dangin Turkanci, kowanne da taronsa. Matashinmu da ya yi fice yana da mazauni a can, in ya samu biza. Ba a manta da yadda aka hana masu bincike 'yan Afirka da dama bizar shiga Kanada a 2018 domin wani babban taro a Montreal ba. In kuma an samu bizar, kuɗin rajista da dala ne, kuma kowa ya san inda naira ta koma tun tsakiyar 2023.

Wanda bai kai can ba fa? Ku shiga ma'ajiyar kowane sashen kwamfuta a Arewa ku duba. Za ku ga kundayen kammala karatu masu baƙin bango ko kore an jibge su har rufi, kowanne da faifan CD manne a bangon baya. A cikinsu akwai ƙamus ɗin Hausa na waya, akwai manhajar gyaran rubutu, akwai mai mayar da lambobi zuwa kalmomi. Ɗalibin Sakkwato ya yi, na Dutse ya sake yi, na Yola ya sake yi, kowa ya faro daga tushe, kowa ya tattara kalmominsa dubu biyu ya tsaya a nan, domin babu wanda ya san ɗan'uwansa ya riga shi. Faifan ya lalace, ɗalibin ya tafi bautar ƙasa, shi ke nan. Da waɗannan kalmomi a rumbu ɗaya ake zuba su shekara goma, da yanzu wani zance ake yi. Aikin rukunin fanni ke nan tun asali: ya san wa ke yin me, ya hana a riƙa maimaita abu ɗaya.

Ga kuma Ajami. Akwai dubban takardu a Gidan Arewa da ke Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da hannun iyalai a Kano da Zariya da Katsina, kuma har gobe akwai masu rubuta wasiƙa da lissafin kasuwa da shi. Sai a 2020 aka ƙara wasu haruffan Ajamin Hausa a Unicode. Salon rubutun kwamfuta mai kama da hannun alarammomin Kano, wanda ake kira Alkalami, SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna ta ƙasar waje, ce ta fitar da shi. Mun gode musu ƙwarai, amma abin da nauyi a ce ba daga cikinmu ya fito ba. Ku dubi ADLaM, rubutun Fulatanci da wasu 'yan'uwa biyu 'yan Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙira tun suna yara a ƙarshen shekarun 1980. Sun bi shi har ya shiga Unicode a 2016, yau yana cikin Windows da wayoyin Android. Mutum biyu ne da masu taimaka musu. Mu muna da ƙungiya mai rassa a jihohi da furofesoshi ba adadi.

Abu na huɗu yana gabanmu ne, bai riga ya wuce ba. A 2024 Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya sanar da shirin gina babbar manhajar ƙirƙirarriyar basira mai jin harsunan Najeriya. Kamfanonin waje ma suna ta nasu. Google Translate ya ɗauki Hausa tun 2013, ya ƙara Fulatanci da Kanuri da Tibi a 2024. Nan gaba kaɗan irin waɗannan na'urori za su riƙa amsa wa mai ciki tambayar magani, su fassara wa manomi umarnin da ke jikin kwalbar feshi. Wa zai gwada su ya ce wannan Hausar daidai ce, waccan kuma za ta iya kashe mutum? Mai sayar da kaya ba ya kushe kayansa. Ana buƙatar masana masu zaman kansu da za su shirya jarrabawa, su gwada, su buga sakamako a fili da sunan ƙungiyar da hukuma ke jin maganarta. Sannan wa ya mallaki muryoyin da ake naɗa a kasuwanni da ƙauyuka, kuma an yi wa masu su bayani da harshen da suke ji? Dokar kare bayanai ta 2023 ta yi maganar yardar mai bayani, amma yardar da aka karɓa da takardar Turanci daga wanda bai iya karanta ta ba, kowa ya san sunanta. A maƙwabta kuma, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Su suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. In ba a zauna tare ba, za a wayi gari manhajar Maraɗi ba ta gane rubutun Katsina.

Na san abubuwan da za a ce. Za a ce wannan ƙabilanci ne aka sa masa riga. A'a, ranku ya daɗe. Bayarabe yana fama da ɗigon ƙasan harafi da alamun karin sauti fiye da yadda muke fama da ƙugiya, Ibo ma yana da nasa ɗigon. Bafulatani yana amfani da ɓ da ɗ irin namu, ga ŋ a kai. Kanuri yana da ǝ. Matsala ɗaya ce, maganinta ɗaya, kuma rukunin da muke nema na dukkanmu ne. Da Hausa na kawo misalai domin ita na sani. Za a ce ai AITP tana nan, malamai su kai takardunsu can. Takarda dabam, aiki dabam. Rabin waɗanda ake buƙata a wannan zama ba malaman kwamfuta ba ne, wasunsu ma ba su da digiri: masanin nahawu daga cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, mai fassarar labarai a gidan rediyo, alarammar da ya san Ajami, mai gyaran waya da ke saka wa mutum hamsin allon rubutu a mako, makahon da ya san yadda manhajar karanta allo take kakkarya Hausa da lafazin Turanci har ba a gane ta. Za a kuma ce babu kuɗi. Rukunin fanni ba ya buƙatar ofis ko mota. Yana buƙatar suna, da izinin yin taro, da takarda mai tambarin ƙungiya da zai rubuta wa hukuma da ita.

Akwai wani tsoro da ni ma nake da shi, gara in faɗe shi da bakina. Mun san halinmu da muƙami. Ana iya kafa rukuni yau, gobe a naɗa shugaba da mataimaka shida da jami'in walwala, a buga kalanda, a yi liyafar ƙaddamarwa, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba sai lokacin zaɓe. Irin wannan ba ma so, shi ya sa za ku ga mun roƙi a ɗaure mu da sharaɗi.

Ga abin da muke roƙo.

A fitar da rubutacciyar ƙa'ida, a buga ta a shafin ƙungiya, mai bayyana yadda mambobi za su nemi kafa rukunin fanni: mutum nawa za su sa hannu, daga jihohi nawa, wa zai duba buƙatar, cikin wata nawa za a ba da amsa. Ba mu kaɗai za mu amfana ba. Masu koyar da kwamfuta a sakandare suna buƙatar nasu, haka masu aiki a kan manhajar da za ta yi aiki ba intanet, waɗanda suka ga abin da ya faru lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta a 2021.

A amince da rukunin harsunan Najeriya a matsayin gwaji na shekara 2. In wa'adin ya cika a duba abin da ya yi. In babu abin nunawa a rufe shi, kada a ji kunyar kowa.

A bar ƙofarsa a buɗe ga wanda ba cikakken mamban NCS ba, da ɗan kuɗin shiga na naira wanda ɗalibi da mai gyaran waya za su iya biya. Shugabancinsa ya zauna a hannun mambobi masu rajista, wannan ba mu ja ba, amma kada a tambayi alaramma takardar digiri kafin ya zauna.

A ba shi zama na yini guda a babban taron shekara, a kuma yarda a gabatar da aiki da Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko wani harshen, da taƙaitawa da Turanci. Sauran tarukansa ya yi su ta intanet da kuma zagayawa tsakanin rassan jihohi. Abin da ya tara na kuɗi ya zauna a asusunsa ƙarƙashin kulawar ma'ajin ƙungiya, a riƙa buga lissafin kowace shekara kowa ya gani.

Sannan muna roƙon NCS ta yi amfani da bakinta. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ce ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun gwamnatin tarayya kafin a fara su. A rubuta mata a nemi ta saka sharaɗi cewa duk manhajar da za ta karɓi sunan ɗan Najeriya dole ta karɓi haruffan harsunan Najeriya, ta adana su, ta buga su daidai. A rubuta wa NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin layin waya, a kan maganar saƙon tes. A naɗa wakilai da za su riƙa bin aikin Unicode, inda ake yanke yadda za a jera haruffanmu da yadda sunayen watanni da ranaku za su fito a kowace waya.

Mu kuma ga abin da muka ɗauka a wuyanmu cikin shekarar farko, in an ba mu dama. Za mu fitar da ɗan littafin jagora ga masu rubuta manhaja, da jerin sunaye da jimlolin gwaji da kowa zai zuba a manhajarsa ya ga ko ta karye. Za mu zauna da masana harshe mu fitar da kalmomin tsaron asusun banki da na waya, mu ba gidajen rediyo kyauta. Za mu buɗe rumbu ɗaya a intanet inda ɗalibai za su riƙa ajiye kalmomi da muryoyin da suka tattara da izinin masu su, domin na baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya.

Muna roƙon a saka wannan batu cikin ajandar zaman Majalisar Zartarwa mai zuwa, a kuma ba mu amsa a rubuce, ko da a'a ce, tare da dalilinta. Muna tattara sunayen masu son shiga, za mu miƙa su ta hannun rassan jihohinmu. Shugabannin rassa kuma, musamman na Kano da Kaduna da Sakkwato da Borno da Adamawa, muna roƙon ku karɓi jerin ku isar da shi.

Allah ya yi muku jagora, ya ƙara wa ƙungiya albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin kwamfuta daga Arewa, a madadin abokan aikinsa da ɗalibansa.